Agogon da Zelim Ya Ƙera Shi Kaɗai

A garinmu Montbrenet, can saman tsaunukan Jura na ƙasar Suwizalan, kana iya taka ƙafar mutum a kasuwa ya ce ba komai, amma ka ce masa agogonsa ya yi latti, to ka yi maƙiyi har jikoki. Kakanninmu manoma ne da damina. In dusar ƙanƙara ta rufe hanya sai su zauna gindin taga suna aikin agogo, kowane gida da ɓangaren da ya iya. Gidan Calame su ke yanka 'yan tayoyin nan masu haƙora, gidan Vuille su ke yin fuska da hannuwa, gidan Ducommun kuwa sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke tura tayoyin. Tuni masana'antun birni suka kwashe aikin, amma cika bakin sun bar mana shi, ko kaɗan ba su taɓa ba.

Gida ɗaya ne ba shi da abin faɗa, gidan Matile, kuma wannan ya daɗe yana cin Alcide Matile a rai. Alcide masinjan gidan waya ne, dogo, mai gashin baki kamar ƙahon keken da yake hawa. Bai taɓa kai wasiƙa a kan lokaci ba, bai kuma taɓa rasa wanda zai ɗora wa laifi ba: yau iska ce, gobe saniya ta tare hanya. Abin da ya tsana a duniya shi ne a kira shi ɗan aike, shi ya sa Numa Calame mai shagon kofi ba ya kiransa da wani suna sai wannan.

Wata rana da kaka magajin gari, Ducommun, ya miƙe tsaye a shagon Numa ya yi gyaran murya. Ya ce majalisa ta yanke shawarar kafa dutse a gindin famfon tsakiyar gari, a sassaƙa sunan mutum ɗaya a jikinsa, wanda ya fi kowa cancanta a kira shi uban sana'ar agogo a Montbrenet. Ranar bikin gashin nama a makiyaya za a zaɓi sunan.

Kafin ya rufe baki shago ya kaure. Numa ya ce in ba tayoyin kakansa ba me zai juya? Magajin gari ya ce shi ba ya son ya sa baki, amma dai kowa ya san taya ba ta motsi sai sifirin ya tura ta. Ana cikin haka Alcide ya shigo da jakarsa, a makare kamar kullum. Ya tsaya ya saurara, sannan ya ajiye jakar a kan tebur, tim.

"Ku daina wahalar da bakinku," in ji shi. "Kai kakanka ya yanka taya, kai kuma, ranka ya daɗe, naka ya lanƙwasa ƙarfe. Sannunku da ƙoƙari. Nawa kakan, Zelim Matile, agogo sukutum ya ƙera shi kaɗai, daga kwanso har hannu, cikin hunturu ɗaya. Ido ɗaya ma yana masa ciwo a lokacin."

"Ɗan aike," in ji Numa, "wasiƙata ta makon jiya fa?"

"Tana hanya."

"Ai jakarka ce hanyar. Wane Zelim? Mu ba mu taɓa jin yana da bencin aikin agogo ba."

"Ina za ku ji? Mutum mai aiki ba ya surutu. Agogon yana gidana, na azurfa zalla, sunansa a rubuce a cikin murfi. Wani bature daga Landan ya taɓa durƙusa wa babana a kan ya sayar, babana ya ce ya tashi kada ya ɓata wandonsa."

Magajin gari ya shafa gemu. "To madalla. Ka kawo shi ranar biki mu gani. Amma fa yana tafiya, Alcide. Ba ma sa sunan mutum a dutse saboda agogon da ke barci."

"Tafiya? Ranka ya daɗe, gudu ma zai yi."

Da ya isa gida ya zazzage aljihun kabad, ya zaro agogon daga ƙarƙashin safa. Babba ne, mai nauyi, ya yi baƙi ƙirin, an ɗaure shi da wata tsohuwar igiyar fata a madadin sarƙa. Ya kara a kunne. Shiru. Rabon agogon nan da motsi tun babansa yana da rai. Matarsa Leonie tana bakin murhu tana narka cuku a tukunya, ta juyo ta dube shi.

"Maigida, me kuma ka ɗebo mana?"

Ya gaya mata. Ta goge hannu ta karɓi agogon, ta buɗe murfi. Ga sunan nan kuwa, Zelim Matile, da rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ta ƙura wa wani ɗan tambari ido a gefen sunan, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ya fizge ya ce kada ta shafa wa tarihi maiƙo. Ta haɗiye maganarta.

"To ka kai wa mai gyara mana. A garin nan in ka jefa dutse a kan mai gyaran agogo zai faɗa."

"In kai wa jikokin masu yankan taya aikin Zelim? Su leƙa su saci fasaha? Haba, Leonie. Jininsa yana jikina."

"Jinin da ya gyara mini keken ɗinki ya koma cin zare ba ya ɗinki?"

"Wannan keken Jamus ne, ba ya jin magana."

Ya share gefen tebur, ya ɗauko wuƙar yankan burodi da filayar keke. Ya goge kwanson da toka har ya yi fari fat, wannan kam ya iya. Daga nan ya ɓalle murfin baya, ya leƙa, ya yi ta gyaɗa kai kamar likita. Ya kwance wani ɗan sukuru. Ba abin da ya faru. Ya kwance na biyu, ya sa bakin wuƙa ya ɗaga wani ɗan faranti.

Ƙyas! Sifirin da ya shekara aru-aru a naɗe ya sami ƙofa. Ya tsinke masa gashin baki na hagu, ya fice ta taga, ya sauka a kan juji, zakara ya yi gaba da shi. Wata 'yar taya ta tashi sama, ta daki fitila, ta faɗa tsundum cikin tukunyar cuku. Alcide ya zabura zai kama ta, gwiwar hannunsa ta danne fuskar agogon, dogon hannu ya karye gida biyu.

"Kada ki motsa!" ya daka tsawa. "Kada ki juya tukunyar nan!"

Ya jawo tukunya gabansa, ya ce shi zai ci a hankali yana lalube da harshe. Leonie ta zauna ta zuba tagumi tana kallo. Ya ci, ya ci, cukun mutum biyu da ragin gobe, yana gumi yana lalube. Da ya kai ƙasan tukunya ya kankare, babu taya. Sai ya dafa maƙogwaro.

"Leonie, kamar na ji wani abu ya wuce."

"Allah ya sa ta sami wurin zama. In ka fara ƙas-ƙas-ƙas sai in rataye ka a bango."

Wani ya kai nan da ya haƙura. Alcide kuwa ya aske ɗaya gefen gashin bakin don su daidaita, ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Kowane gida a Montbrenet yana da aljihun tebur cike da ragowar kayan kakanni, shi kuma aikinsa shiga gida-gida. Sai dai ba zai ce wa kowa agogon Zelim ne ba.

Ya fara da Numa. Ya miƙa masa wasiƙar makon jiya har da murmushi.

"Ikon Allah," in ji Numa. "Me kake so?"

"Wani ɗan'uwana ne a Faransa, yana da wani rubabben agogo, taya ɗaya ta ɓace. Ko kana da irin tarkacen kakanka?"

"Tarkace? Kai, ɗan aike, wanke bakinka. Ina gashin bakinka ya tafi?"

"Sabon yayi ne."

Numa ya tambayi girman agogon, Alcide ya kwatanta da yatsa. Numa ya jawo wani gwangwani, ya zaɓo taya ɗaya, ya ce aro ne, kuma a gaya wa Bafaranshen nan ya wanke hannu kafin ya taɓa. A gidan magajin gari ma haka aka yi. Ducommun ya ba shi sifirin a naɗe cikin takarda, bayan ya tsare shi da tarihin yadda kakansa yake gane zafin ƙarfe da launinsa, har kofi ya huce.

Saura hannu. Wannan sai gidan Gwaggo Berthe Vuille, wadda ta fi kowa tsufa a garin, kunne ya yi nauyi amma harshe yana nan da kaifinsa. Tana zaune gindin taga da bargo a cinya.

"Gwaggo, barka da hutawa. Ɗan'uwana ne na Faransa..."

"Wanda ya mutu bara?"

"A'a, ƙanensa."

"Ashe yana da ƙane. Allah sarki, uwarsu ba ta sani ba har ta rasu."

Alcide ya fara kwatanta tsawon hannun. Ba ta ko saurare shi ba. Ta dube shi daga hula har takalmi, ta buɗe wani ɗan akwati, ta zaro siririn hannu shuɗi ta ɗora masa a tafi.

"Ungo. Wannan zai shiga."

"Ai ban gaya miki girman ba, Gwaggo."

"Na ce zai shiga. Ka gai da Faransa."

Abin mamaki, ya shiga ɗin. Tayar Numa ta zauna daram kamar an auna. Sifirin magajin gari, bayan ya yanka masa yatsu biyu, ya kwanta a mazauninsa. Hannun Gwaggo ya hau ba gardama. Alcide ya ja da baya yana kallon yatsunsa.

"Kin gani, Leonie? Kayan mutane daban-daban, na gidaje daban-daban, amma da na taɓa su suka bi. Wannan baiwa ce, ba koyo ba."

"Ko kuma akwai dalili," in ji Leonie.

"Dalilin ke nan na gaya miki. Baiwa."

Saura mai. Ko yaron goye a garinmu ya san da bakin allura ake ɗiga wa agogo mai, shi ma sai an riƙe numfashi. Alcide ya duba man kekensa ya ce wannan na talakawan ƙarfe ne. Agogon da aka ƙera a zamanin da, abincin zamanin da yake so. Ya buɗe kwanon man shanu, ya lakato da bakin wuƙa, ya shafe cikin agogon tas, har ya ƙara don albarka. Ya sa ɗan makulli ya murɗa.

Agogo ya kama. Kai, ba kamawa kaɗai ba, sukuwa ya shiga yi. Man ya manne siririyar wayar nan mai kama da gashi da ke daidaita bugunsa, sai ya dinga ƙas-ƙas-ƙas kamar zuciyar ɓarawo. Alcide ya rungume matarsa, har da hawaye.

Daga ranar gari ya shiga uku. Tun hantsi bai dubi ludayi ba Alcide zai dawo gida ya ce ina abincin rana, agogon Zelim ya ce lokaci ya yi. Ya rufe gidan waya rana tana tsaka, mutane suna layi, ya ce an tashi. Wasiƙu dai ba su fasa makara ba, don yanzu tsayawa yake a kowace ƙofa yana nuna wa mutane bayan kwanso, ba ya barin kowa ya taɓa. Karnukan gari kuwa suka gano wani sabon ƙamshi a aljihun rigarsa. In ya hau keke sai ka ga ayari a bayansa, na mahauci a gaba, gurgun karen fasto a ƙarshe.

"Dabba ta san mai daraja," in ji shi.

Ranar Lahadi da aka fito coci ya tare fasto a bakin ƙofa, gaban jama'a, ya nuna hasumiya.

"Fasto, agogon cocin nan yana latti. Ba kaɗan ba."

Agogon nan duk gidajen garin suka haɗu suka yi shi, kuma surukin magajin gari ke kula da shi.

"Da me ka auna, ɗana?" in ji fasto a hankali.

"Da na Zelim."

"Rana fa?" in ji Numa. "Ga ta can, ita ma ba ta kai inda agogonka ya ce ba."

"Ita ma sai a duba ta."

Ranar biki gari ya fita makiyaya kaf. An tara rassan itace an ƙona, an naɗe naman da aka ɗura a hanji a ganyen kabeji an binne cikin garwashi tare da dankali, shanu suna kiwo a gefe da ƙararrawa a wuya. Alcide ya zo da baƙar kwat ɗin aurensa, karnuka suna take masa baya. An kawo Gwaggo Berthe a amalanke, aka zaunar da ita kusa da wuta. Numa ya yi jawabin kakansa, magajin gari ya yi na nasa duk da ya ce ba zai sa baki ba. Sannan aka kira Alcide.

Ya hau kan kututture dab da garwashi, don kowa ya gan shi da kyau. Ya ce Zelim ya narka cokulan auren matarsa ya yi kwanso. Ya ce Zelim ya yanka haƙoran taya da hasken kyandir ɗaya. Ya ce a hunturun nan kerkeci ya leƙo ta taga, ya ga aikin, ya koma a hankali don kada ya dame shi. Yana magana yana korar karen mahauci da ƙafa. Daga ƙarshe ya zaro agogon ta igiyarsa, ya ɗaga sama yana walƙiya.

"Jama'a, ga shi. Kuma a yanzu haka, in kuna son sanin gaskiyar lokaci, magariba ta kusa."

Rana tana tsakiyar ka. Nan take hannuwa suka shiga aljihu, maza da mata, murafe suka buɗe ƙyas-ƙyas-ƙyas ko'ina a filin. Kowa ya duba nasa, ya duba na maƙwabcinsa, sannan duk suka dubi Alcide.

"Duk naku latti suke," in ji shi.

"Miƙo," in ji magajin gari.

"Daga nesa ake kallonsa, ranka ya daɗe."

"Alcide, a garin nan ba a yi wa agogo shaida da fuska. Miƙo."

Mu mutanen Montbrenet ko jana'iza za mu je, da gilashin ido ɗaya mai ƙara girman abu a aljihu muke zuwa, da ɗan sukudireba. Kafin agogon ya isa hannun magajin gari, rabin filin ya maƙala gilashi a ido. Ducommun ya sa farce ya ɓalle murfin baya. Zafin garwashi ya riga ya yi aikinsa. Wani ruwa rawaya ya gangaro ta yatsunsa, ya ɗiga a kan takalminsa, karen mahauci ya lashe.

Numa ya matso ya sunsuna. "Man shanu."

"Wayyo Allah!" in ji wata mata, ta rufe wa 'yarta ido.

"Sirrin gidanmu ne," in ji Alcide. "Haka Zelim yake yi."

"Tsaya, tsaya," in ji Numa, ya kafa gilashi. "Wannan ai tayata ce! Wadda na ba Bafaranshe!"

"Wannan kuma sifirina," in ji magajin gari. "Ashe nan ce Faransa."

"To, na ji! Abu uku kacal na ara, su ma don na asalin sun tafi hutu. Amma sauran duk hannun Zelim ne. Ku duba da kyau ku koyi aiki."

Suka duba da kyau kuwa, abin da bai kamata ya roƙa ba ke nan. Numa ya ɗago.

"Ɗan aike, ba tayar aro kaɗai ba. Dukkan tayoyin nan namu ne. Ga ɗigo biyun da kakana yake sa wa a gindin kowace taya."

"Ƙarya ne! Tsatsa ce."

"Gangar da sifirin yake kwana a ciki ta gidanmu ce," in ji magajin gari. "Shi ya sa nawa ya shiga."

Wani daga baya ya ce sukurorin nan shuɗɗa aikin kakarsa ne, ko a mafarki ya gansu zai gane. Wani ya ce gilashin fuskar na gidansu ne. Ba wanda ya yi niyyar ƙwace, kowa so yake kawai ya nuna wa jama'a nasa. Amma wannan ya kwance ya ɗaga sama, wancan ya kwance ya ɗaga sama, Alcide yana zagaye yana "Ku bari! Ku bari mana!", har aka miƙa wa Gwaggo Berthe fuskar agogon da hannuwanta a cinya. Abin da ya dawo hannunsa kwanso ne fanko, yana naso.

Ya ɗaga shi sama. "To wannan fa? Azurfar nan fa? Ga sunansa a ciki! Wa zai ce wannan nasa ne?"

Leonie ta taso daga cikin mata tana goge hannu a atamfar gabanta.

"Maigida, ba ni nan."

"Leonie, har da ke?"

"Tun ranar farko na so in gaya maka, ka ce kada in shafa wa tarihi maiƙo. Ɗan ganyen nan da ke gefen sunan tambarin kakana ne, Perret mai kwanso. Rubutun kuma hannun kakata ne, ita ke sassaƙa suna in za a ba mutum kyauta." Ta zare kwanson a hankali, ta bar masa igiyar fata tana lilo a yatsa.

"Wannan kam riƙe ta da kyau," in ji Gwaggo Berthe daga bakin wuta. "Ita ce aikin Zelim. Daga maɗaurin kwandonsa ya yanko ta."

Kowa ya juya.

"Wane kwando, Gwaggo?" in ji magajin gari.

"Kwandon da yake goyawa mana! Ina yarinya ina ganinsa. Shi ke ɗaukar kaya daga gidan masu taya ya kai gidan masu sifirin, daga can ya kawo mana, daga nan ya gangara da su birni, ƙanƙara har gwiwa. Mutumin kirki, ga surutu. In an ce zai zo da safe, a ɗora masa abincin dare. Da gwiwoyinsa suka gaza, kowane gida ya ba da abu ɗaya aka haɗa masa agogon nan. Babana ya ce a ba shi ko Allah zai sa ya zo jana'izarsa a kan lokaci."

Dariya ta ɓarke har shanu suka ɗago kai. Alcide yana tsaye a kan kututture da igiya a hannu, kunnuwansa sun yi ja. Wallahi ya ba ni tausayi a lokacin, duk da ni ma ina cikin masu dariyar.

"Gwaggo," ya ce, "kin sani, kika bar ni?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma a shekaruna ba kullum ake samun abin kallo ba."

Da an bar maganar a nan, da Alcide ya sha kunyarsa ya tafi gida. Amma saura dutse. Numa ya ce tunda an ga tayoyin gidansu sun fi yawa a ciki, magana ta ƙare. Magajin gari ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa. Mai sukurori ya cire kwat. Leonie ma ta ce in ba kwanso a tafin hannu za a riƙe tayoyin? Fasto yana ta ba da haƙuri ba mai jinsa, nama kuma yana ƙonewa a cikin toka. Gwaggo Berthe ta buga sandarta a jikin amalanke.

"Ku sa sunan Zelim ku ba mu nama mu ci. Shi kaɗai ne ya taɓa kowane agogo a garin nan, kuma shi kaɗai ne ba wanda yake kishinsa."

Magajin gari ya yi tunani, ya ga ai gara hakan da a sa Calame. Numa ya yi tunani, ya ga ai gara hakan da a sa Ducommun. Hannuwa suka tashi sama. Alcide, wanda ya fara saukowa daga kututture, ya koma ya hau.

"Me na gaya muku? Na ce ko ban ce ba? To a rubuta haka: Zelim Matile, babban maƙerin..."

"Sauko," in ji Numa. "Suna naku ne, rubutu namu ne."

Kowa ya tafi gida da ɓangarensa don ya wanke masa man shanu. Da aka gama sai aka rasa mai tattarowa, don Numa ya rantse ba zai taka gidan Ducommun ba, Ducommun ma haka. Alcide ne ya bi gida-gida da jakarsa, daga masu taya zuwa masu sifirin, daga can zuwa gidan Gwaggo, kowa yana sa nasa yana masa faɗa, har agogo ya dawo hannun Leonie ta rufe kwanso.

An kafa dutsen kafin ƙanƙara ta sauko. Yana nan gindin famfo, daidai inda Alcide yake jingine keke kowace safiya, ba yadda zai yi ya kauce masa. Ga abin da aka sassaƙa: Zelim Matile, ɗan aike. Duk agogon garin nan a bayansa ya yi tafiya. Bai taɓa zuwa a kan lokaci ba.

Washegarin kafawa Alcide ya tsaya gabansa, yana bayyana wa wasu baƙi biyu cewa mai sassaƙa ne ya rasa wuri, shi ya sa ya taƙaita. Numa ya leƙo daga ƙofar shago.

"Jikan ɗan aike! Ka makara!"

"Wa ya ce? Agogon coci ne yake..." Ya zaro na Zelim ta igiyar fata, ya buɗe murfi, ya duba. Ya ɗaga kai ya dubi hasumiya, ya sake duba na hannunsa. Sun yi daidai, ko ƙiftawa babu tsakaninsu. Ya rufe murfin a hankali, ya saɓa jaka, ya hau keke.